Kyamarar Gaban Mota: Shaida ko Tonon Silili?

Duk wanda ya saba shiga motocin haya a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, musamman irin waɗanda ake kira ta waya, zai lura da wata 'yar na'ura da ba ta wuce kwalin ashana biyu ba, an manna ta a gilashin gaba, daf da madubin da direba ke duba baya da shi. Wannan ita ce kyamarar gaban mota. Da zarar an murza makulli ta fara aiki ke nan, ba ta jiran umarnin kowa. Tana ɗaukar bidiyon hanya guntu-guntu, minti ɗaya ko biyu ko uku, idan memorinta ya cika sai ta koma ta shafe mafi tsufa ta ɗora sabo a kansa. Idan kuwa aka yi karo ko aka taka birki da ƙarfi, akwai abin da ke jin girgiza a cikinta, wanda zai kulle guntun wannan lokaci don kada ya shafe. Tana rubuta rana da lokaci, wasu har da gudun mota da wurin da take. Da yawansu suna ɗaukar murya, wasu kuma suna da ido na biyu mai kallon cikin mota, wato mai kallon fasinja.

Ƙasar da ta fara yin suna da wannan na'ura ita ce Rasha, inda direbobi suka rungume ta saboda 'yan damfarar da kan faɗo wa mota da gangan don a biya su diyya, da kuma jami'an hanya masu ƙaga wa mutum laifi. Shi ya sa ranar 15 ga Fabrairu, 2013, da wani dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Chelyabinsk, har mutane kimanin 1,500 suka jikkata, galibinsu da fasassun gilasai, duniya ta ga abin ta fuskoki da dama. Masana ma da waɗannan bidiyoyi na direbobi suka yi amfani wajen lissafa hanyar da dutsen ya biyo. Dutse dai ba shi da iyali, ba shi da mutuncin da zai zube, don haka ba wanda ya yi ƙorafi. Rigima tana tasowa ne idan abin da kyamarar ta kama ɗan Adam ne.

Ni ta hannun kawuna na san wannan na'ura. Ƙanen mahaifiyata ne, ya haura shekara ashirin yana zaune a Agege, kuma a gidansa nake yin hutu idan an rufe makaranta. Tuƙin haya ne sana'arsa. Wata rana a cikin cunkoso wajejen Ojota, wata ƙatuwar jif ta baro layinta ba sigina ba komai, ta goge masa gaban mota, bamba ta tsage, fitila ta fashe. Mai jif ya fito da babbar riga da babbar murya, ya ce Kawu ne ya kutso masa. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kuma mai karatu ya san yadda taron bakin titi yake, wanda ya fi ƙarfin murya da tsadar mota shi ake fara saurare. Aka rankaya ofishin 'yan sanda. A can Kawu bai yi doguwar magana ba, ya zare memori ya sa a waya ya miƙa. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu suka kashe maganar. Mai jif ya sauke murya, ya biya kuɗin bamba da fitila da aikin bakanike, aka rabu. Gani ya kori ji.

Da a nan labarin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Da daddare muna cin tuwo, sai babban ɗan Kawu, taubashina, ya ce a tura masa bidiyon zai sa a Facebook da TikTok. Kawu ya ce a nuna masa tukuna. Muka sake kallo mu uku, a wannan karon a tsanake. Sai ga abubuwan da ba mu kula da su da farko ba. Ga lambar jif ɗin ɓaro-ɓaro. Ga fuskar mutumin. Ga wata mata a kujerar gaba, ta ɗaga jaka tana kare fuskarta tun da ta ga an fara taruwa. Ga kuma wani ɗan acaba da ya tsaya ya taya Kawu magana, alhali a kan titin da aka hana masu babur bi yake. Kawu ya dubi ɗansa ya ce, "Wannan matar, ka san ko matarsa ce?" Taubashina ya yi dariya ya ce, "Baba, ina ruwanmu?" Kawu ya ce, "To ai shi ke nan, ba ruwanmu. Bamba ya fasa mini, ya kuma biya. Gidansa ba ya cikin lissafin."

Taubashina bai yarda ba, kuma in za a yi adalci, hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Baba, mutumin nan ƙarya ya shara maka a gaban jama'a. Da babu kyamarar nan da yanzu kana bayan kanta, mu muna neman kuɗin beli. Gobe wani direban zai yi wa haka, wanda ba shi da kyamara. In duniya ta san fuskarsa ai zai shiga taitayinsa." Kawu ya ce, "Shi ɗan acaban da ya tsaya mini fa, da me zan saka masa? Da a kama masa babur?" Daga nan sai suka juyo kaina, wai ni ne ɗan jami'a, in raba gardama. Na ce ni Hausa nake karanta ba lauya ba. Amma maganar ta zauna mini, har na koma makaranta ina bin diddiginta.

Abin da na fara fahimta shi ne, abubuwa uku ne muke cakuɗawa muna kiransu abu ɗaya. Ɗaukar bidiyon daban, miƙa shi ga wanda ke da hurumin gani kamar ɗan sanda ko alƙali ko kamfanin inshora daban, watsa shi ga duniya kuma daban. Ƙasashen da suka daɗe suna wannan muhawara a nan suka fi ba da ƙarfi. A Jamus, wasu motoci biyu sun gogi juna a garin Magdeburg suna cikin karya kwana zuwa hagu, ɗaya direban yana da kyamara. Ƙananan kotuna biyu suka ƙi karɓar bidiyon. Da maganar ta kai babbar kotun tarayya mai sauraron irin waɗannan ƙararraki, sai ta yanke hukunci ranar 15 ga Mayu, 2018, hukunci mai baki biyu. Ta ce ɗaukar duk wanda ya gifta a hanya ba ƙaƙƙautawa, ba tare da wani dalili ba, ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane. Amma kuma ta ce duk da haka ana iya karɓar bidiyon a matsayin shaida a shari'ar haɗari, bayan an auna maslahar ɓangarorin biyu. Wato kotu ta buɗe wa bidiyon ƙofar ɗakin shari'a ne kawai, ba ta ba kowa lasisin kai shi kasuwa ba. A Birtaniya kuma 'yan sanda da kansu suke karɓar irin wannan bidiyo daga hannun jama'a ta wani shiri da ake kira Operation Snap, wanda ya faro daga yankin Wales, sai dai suna gargaɗin kada mai bidiyon ya sa shi a kafafen sada zumunta, domin yin hakan na iya lalata shari'ar.

Akwai wata shari'a da ta fi waɗannan taɓa ni, ko da yake kyamarar kan titi ce ta jawo ta ba ta mota ba. A wani dare cikin watan Agusta na 1995, a garin Brentwood na Ingila, wani mutum da baƙin ciki ya yi wa katutu ya fito titi da wuƙa a hannu, bayan ya yi yunƙurin kashe kansa. Mai lura da kyamarorin ƙaramar hukuma ya hango shi, ya kira 'yan sanda, aka ceci ransa. Har nan kyamara alheri ta yi. Daga baya sai hukumar ta ba jaridu da gidajen talabijin hotunan don ta nuna amfanin kyamarorinta, ba a kuma rufe fuskarsa yadda ya kamata ba. Maƙwabta da 'yan'uwa da abokai suka gane shi. A watan Janairu na 2003 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce an keta masa haƙƙi. Dalilinta kuwa shi ne, ko da yake a kan titi yake, adadin idanun da suka gan shi ya zarce nesa ba kusa ba abin da mai tafiya a kan titi zai yi tsammani.

Wannan dalili shi ne amsar maganar nan da na sha ji a bakin abokaina, cewa ai hanya ta kowa ce, wanda ya fito titi ya yarda a gan shi. Gaskiya ne ya yarda a gan shi. Amma masu wucewa nawa ne? Hamsin, ko ɗari, kowa kuma da abin da ya dame shi, kafin magariba sun manta. Bai yarda mutum dubu ɗari biyar su gan shi ba, su tsayar da hoton, su ƙara girmansa, su karanta lambar motarsa, su nemo unguwarsu, su ajiye abin har 'ya'yansa su girma su tarar.

Mu ɗaliban harshe muna da abin dubawa a nan. Kalmar nan ta Ingilishi da lauyoyi ke jifan juna da ita a wannan muhawara, idan aka zo fassara ta da Hausa sai a ce "sirri", amma sirri bai ɗauke ta duka ba. Fuskar matar cikin jif ba sirri ba ce, kowa a Ojota ya gan ta. Abin da Kawu ya yi mata Bahaushe yana da sunansa, rufin asiri. Kuma a duba yadda kalmar take da faɗi: wanda yake da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba, shi ma cewa ake yi yana da rufin asiri. Haka kalmar "sutura". Tufar da ka sa sutura ce, kau da kai daga aibin ɗan'uwanka suturta shi ne, wanka da likkafani da binne mamaci ma cewa ake yi an yi masa sutura. Harshen ya ɗauki tsiraici da abin kunya da gawa ya sa su a layi ɗaya, abubuwan da ake rufewa ko da kuwa an riga an gani. Bature ya gina tasa fahimtar a kan haƙƙin mutum na a ƙyale shi, Bahaushe ya gina tasa a kan nauyin da ke wuyan wanda ya gani. Addini ma ya hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati. A gida muna da zaure, muna da sallama, muna da "ba a shiga" a rubuce a ƙofa. A kan titi babu zaure, kunyar masu kallo ce kawai zauren. Ita kuwa kyamara ba a ƙera ta da kunya ba, sai dai mai ita ya ara mata tasa.

Maganar gawa ta kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. A unguwar su Kawu akwai wani saurayi yaron mota, yana bin wata tirela da ke ɗauko kaya daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Suka yi haɗari a hanyar Legas zuwa Ibadan, Allah ya yi masa rasuwa nan take. Motar da ke bayansu tana da kyamara, ta ɗauki komai, tun daga lokacin da tirelar ta fara tangaɗi har zuwa inda aka jawo shi aka kwantar a gefen titi kafin a samo zane a lulluɓe shi. Direban ya tura bidiyon a wani zauren WhatsApp na direbobi, da kyakkyawar niyya, wai ko akwai wanda ya san yaron a sanar da danginsa. Aka kuwa gane shi. Manyan unguwa suka buga waya garinsu, aka sami dattawa uku da za su je gidan. Mai karatu ya san yadda ake kai irin wannan labari a ƙasar Hausa. Ba a faɗa wa uwa kai tsaye. A kan sami namiji babba a gidan a keɓe da shi, a kan fara da cewa an yi haɗari, jiki ya yi tsanani, a bar zuciya ta ɗan shirya, sannan a ce sai haƙuri. Dattawan nan suna jiran a idar da sallar la'asar su tafi, ashe bidiyon ya riga su. Daga zauren direbobi ya faɗa na 'yan garin, daga nan ya sauka a wayar ƙanwar mamacin, tana zaune a tsakar gida kusa da mahaifiyarsu. Da dattawan suka iso, kuka suka tarar. Wanda ya je ta'aziyya daga Agege ya ce uwar ba ta ce komai a kan mutuwar ba sai addu'a, abu ɗaya kawai take maimaitawa, wai a ce duk garin sun ga ɗanta babu riga.

Direban da ya tura bai yi nufin sharri ba, amma lambar tirelar da rubutun da ke jikinta sun isa a gano masu ita, ba sai an nuna gawa ba. A Jamus, tun daga farkon 2021, ɗaukar hoton mamaci a wurin haɗari ta hanyar da ta ci zarafinsa, ko yaɗa shi, laifi ne da ke iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyu. Su sai da suka rubuta doka. Mu muna da kalmar tun kaka da kakanni, ga ta nan kuma muna tura bidiyon da hannunmu, mu rubuta "Innalillahi" a ƙarƙashinsa.

To, kada a ce na goyi bayan a rufe komai. Akwai inda rufewa zalunci ne. A watan Oktoba na 2014, wani ɗan sanda a birnin Chicago na Amurka ya harbi wani matashi baƙar fata ɗan shekara 17, Laquan McDonald, harbi 16. Rahoton 'yan sanda ya ce yaron ne ya yo kansu da wuƙa. Kyamarar gaban motar 'yan sandan ta ɗauki abin, amma hukuma ta riƙe bidiyon fiye da shekara guda, sai da alƙali ya ba da umarni aka sake shi a watan Nuwamba na 2015. Sai ga yaron yana tafiya ne yana nisantar su. A 2018 aka sami ɗan sandan da laifin kisa. A nan gida ma, zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020 ta samo wutarta ne daga wani bidiyo da aka ɗauka da waya a Ughelli ta jihar Delta. Duk direban da ya taɓa tsayawa a shingen hanya ya san abin da ya sa wasu masu kaki ba sa son ganin 'yar na'urar nan a gilashi. A ganina ma'aunin shi ne a tambaya, wa ke cikin hoton, kuma a wane matsayi? Wanda aka ba kaki da bindiga da albashi daga dukiyar jama'a, yana kan aikin jama'a, ba shi da hujjar cewa a rufa masa asiri a kan yadda ya yi aikin. Wanda kuwa tsautsayi ne kawai ya gifta da shi ta gaban motarka, ko ya faɗi, ko ya ruɗe, ko ya mutu, ba ka da wani haƙƙi a kan fuskarsa. Shi kuma mai jif yana tsakiya, ya yi laifi, amma laifin ya je inda ake hukunta shi, an kuma biya. Abin da taubashina yake nema hukunci na biyu ne, a kotun da ba ta da alƙali, ba ta jin ta bakin wanda ake tuhuma, ba a kuma ɗaukaka ƙara. Ga shi kyamara gaba kawai take kallo. Ba ta san abin da ya faru minti biyar kafin nan ba, ba ta san ko mai gudun nan mara lafiya ya ɗauko ba.

Dokokinmu a Nijeriya sun taɓo maganar ta gefe-gefe. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya, sashe na 39 kuma ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki da yaɗa bayanai, kowane ɓangare na gardamar gidan Kawu yana da sashen da zai riƙe ke nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe hanyar karɓar abin da na'ura ta samar a gaban kotu, bisa sharaɗin a kawo takardar tabbacin yadda aka samar da shi da lafiyar na'urar. Sai kuma Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman. Ba ta ambaci kyamarar mota da suna ba, amma ta ɗauke wa mutum nauyi idan amfanin kansa ko na gidansa kawai yake yi da bayanan, matuƙar bai keta sirrin wani ba. Da wuya a ce wanda ya ɗora fuskar baƙo da lambar motarsa a TikTok, yana tara mabiya, amfanin gida yake yi. Balle direban haya, wanda motar tasa wurin sana'a ce.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar Kawu, domin tasa kyamarar mai ido biyu ce, tana kuma jin magana. Ya ce ya sa na cikin ne saboda fasinjan da zai ce ya bar waya ko kuɗi a mota alhali bai bari ba, da kuma tsoron masu ƙwacen mota da dare. Amma mutane suna shiga mota su saki baki kamar suna ɗakinsu, wannan tana waya da likita, wancan yana faɗa da matarsa, wani yana ƙirga bashin da ake bin sa. Da na koma hutu na gaba, sai ya ce tunda ni ne malamin Hausa, in rubuta masa sanarwar da zai manna a bayan kujera, wani maƙwabcinsa zai yi ta Yarabanci da Ingilishi. Na rubuta, "Ana sanar da fasinjoji cewa ana naɗar bayanansu domin dalilan tsaro." Ya karanta ya ce, "Kai ɗana, wannan ai sai ka ce labarun ƙarfe bakwai. Wa zai gane?" Muka yi ta gogewa muna sakewa, har muka tsaya a kan, "Akwai kyamara a motar nan, tana gani tana ji. Ba a nuna wa kowa sai hukuma." Taubashina ne ya kai aka buga a shagon kwamfuta, ya dawo yana mitar cewa naira ɗari biyar ɗin da aka caje shi ba wanda ya mayar masa. A makon farko, in ji Kawu, fasinja biyu sun nemi ya kashe muryar, ya kashe, wata tsohuwa kuma ta gyara ɗaurin kallabinta ta tambaye shi ko ta fito da kyau.